Gaisuwar Baba Zuwa Gidan Fallen Ƙarfe

Tun da na dawo daga Ingila ban huta ba. A masallaci, a ofis, a bakin kasuwa, har a wurin jana'iza, sai wani ya ja ni gefe ya ce, "Malam Sule, yaya ƙasar Turawa?" Na ba da labarin jirgin ruwa har bakina ya gaji, na kwatanta sanyi har na soma jin sa a ƙashina kuma. To, ga shi na rubuta sau ɗaya. Wanda ya iya karatun boko ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a ƙyale ni in sha iska. Amma mai jiran labarin daɗi ya nemi wani matafiyin, don ni aike na kai, kuma aiken ne ya cinye tafiyar.

Ni ɗan maƙera ne, a Dukawuya aka haife ni. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, wansa Baba Hasan ya riƙe ni. Boko ce ta ɗauke ni daga bakin zugazugi, na zama akawu a ma'aikatar En'e, wato hukumar Sarki, inda ake gyaran motoci da famfuna. Baba kuwa da 'ya'yansa suna nan a kan sana'a: akwatin ƙarfe, bokiti, kurfoti, mazurari. Duka da fallen ƙarfe ake yin su, irin wanda jirgi ke kawowa daga Turai, a sayo a kantunan Turawa na wajen tasha.

Shekara biyu ke nan fallen ya yi ƙafa. Ka je kanti, akawu ko ɗago kai ba zai yi ba, sai ya ce, "Babu, sai jirgi ya zo." Jirgi ya zo, a ce 'yan kwangilar gwamnati sun kwashe. Su Baba suka koma fasa tsohuwar garwa da gangar mai suna bugewa, amma akwatin garwa bai cika damina biyu ba tsatsa ta cinye shi, kuma Baba yana jin kunyar sa hannunsa a kansa. Ana cikin haka aka yi wa Yaya Garba, babban ɗan Baba, tayin aiki a loko, ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa. Yana da 'ya'ya biyar, kuma tukunya ba ta jira. Kowa ya san in Garba ya tafi ƙannensa za su bi shi, maƙerar da kakanmu ya hura ta mutu.

Da aka ji En'e za ta tura ni kwas na wata biyu a Ingila, Baba ya kira mu zaure, ni da Garba.

Ya ce, "Sule, kai boko ta ɗauke ka, na haƙura. Garba hannuna ne. Lokacin kakanku, da ƙarfe ya yi wuya, bai tsaya roƙon dillalai ba. Ƙafa ya taka har ƙauyen da ake narka tama, ya gai da mai wurin, ya ajiye goro, daga ranar bai sake rasa ƙarfe ba har ya koma ga Allah. Fallen nan akwai mai shi. Akawun kanti bara ne. Ka je ka gai da maigidan."

Ya juya wajen Garba. "Kai kuma ka ba ni alkawari ba za ka taka loko ba sai Sule ya dawo."

Garba ya sunkuyar da kai ya ce, "Na yi, Baba."

Sannan aka fito da gaisuwar. Wani ɗan akwati ne da Baba ya ƙera da kansa da fallen kirki na ƙarshe da ya ɓoye, aka shafa masa koren fenti da furanni. A ciki akwai jar fata biyu, da ƙwaryar goro daushe a naɗe cikin ganye, da wasiƙa da ajami. Ni da na yi shekaru ina aiki da Turawa ya kamata in ce wani abu. Ban ce ba. Gaskiyar magana, ni ma rabin zuciyata ta yarda, don ban taɓa ganin abin da ba shi da maigida ba.

Jirgin ƙasa ya ɗauke ni daga Kano da hantsi. A Zariya abokin tafiyata ya shigo, Malam Lawal, malamin gona, siriri, bakinsa ba ya rufuwa. Ya dubi akwatin da na rungume a cinya ya ce, "Allah Sarki, Bakano! An tura shi neman ilmi, ya taho da haja."

Na ce, "Gara ni na taho da wani abu. Kai ban da surutu me ka ƙunso daga Zazzau?"

Haka muka yi ta yi har Ikko, kwana biyu, gawayin jirgi yana shigo mana ta taga yana baƙanta riguna. A Ikko muka yi kwana huɗu muna zarya tsakanin ofishin fasfo da wurin allura. Zafin garin irin mai danƙo ne, ka yi wanka ka fito kana neman wani. Ni dai damuwata goro. Safe da yamma sai na kwance shi na yayyafa masa ruwa, na tsince wanda ya soma taɓuwa. Malam Lawal ya ce ko matata ban yi wa wannan hidimar ba.

Jirgin ruwa mako biyu. Kwana uku na farko ban san inda kaina yake ba, abin da na ci da wanda ban ci ba duk sun fito. Wani ma'aikacin jirgin, dattijo mutumin Saliyo, shi ya cece ni. Ya ga ba na taɓa nama, sai ya riƙa kawo mini shinkafa da kifi da barkono daga tukunyarsu ta ma'aikata. Da na warware na fara zagaya jirgin, sai na lura ashe shi ma kansa fallen ƙarfe ne, mai kauri, an ɗinke da ƙusoshi tun daga sama har ƙasa. Na riƙa ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa ina saurare, yadda Baba yake gwada falle. Wani Bature ya tsaya yana kallona, ina jin ya ɗauka taɓin hankali ne.

A Libaful muka sauka, ana yayyafi, gari duhu-duhu da rana tsaka. Ɗan kwastan ya sa na buɗe akwatin. Ya ɗaga wasiƙar Baba ya riƙe ta a kife yana nazari kamar mai fahimta. Ya zo kan goro ya tsaya.

"Mene ne wannan?"

Na ce 'ya'yan itace ne, ci ake yi. Ya ce in ci ya gani. Na ɓare ɗaya na ci. Shi ma ya gatsa, ya ɓata fuska, ya rasa inda zai tofar, abokan aikinsa suna ta dariya. Daga nan ya ɗauko alli ya ja ƙaton layi a kan furannin Baba. Raina ya ɓaci, na sa hannun riga na goge. Da muka isa ƙofar fita sai mai gadi ya ce ba alama, in koma. Na sake bin layi tun daga baya, ɗan kwastan ya sake zana mini, wannan karon har biyu.

An kai mu wani gari na bakin teku a yankin da suke kira Wels, aka sauke ni da Malam Lawal a gidan wata gwauruwa, Misis Ifans. Mace ce mai kirki, amma girkinta sai haƙuri. Dankali dafaffe, kabeji dafaffe, kifi dafaffe, ba mai ba yaji, kamar abincin mara lafiya. Allah ya sa uwargidana ta cusa mini kwalbar yaji a cikin kaya. Ran nan Misis Ifans ta ce bari ta ɗanɗana, ta lasa a bakin cokali, ta sha ruwa kofi uku tana hawaye tana dariya. Abin da ya fi ba ni mamaki, su ma a cikin rashi suke. Sukari da nama sai da ɗan littafi ake saye, kowa da rabonsa, a bi layi shiru cikin ruwan sama. Mu a gida mun ɗauka Bature ba ya rasa komai.

Gaisuwa kuwa babu. Maƙwabci zai wuce ka da kalma ɗaya, ko tsayawa ba zai yi ba, balle ya tambayi iyali. Kare yana kwana a ɗaki kan kujera, amma ɗan'uwa in zai zo sai ya aiko da takarda. Rana ba ta fitowa ka san lokacin salla, sai agogo. Alwala da ruwan famfonsu kuwa, don sanyi sai ka yi niyya sau biyu kafin ka sa hannu.

Tun makon farko na gaya wa Baturen da ke kula da kwas ɗinmu ina so in ziyarci gidan da ake yin fallen ƙarfe, don hayaƙinsa muna hango shi daga tagar ɗakinmu. Ya ce zai rubuta. Na jira mako ɗaya, biyu, huɗu. Goro ya soma bushewa, wani ya yi tsutsa, kullum ƙwaryar tana raguwa. Na rame. Darussan kwas ɗin suna shiga ta kunne ɗaya su fita ta ɗaya. Da Misis Ifans ta gane abin da ke damuna sai ta ce, "Ai da ka faɗa. Ƙanena Dai heluma ne a can, shugaban leburori." Abin da takardar ofis ta kasa yi a mako biyar, ta yi shi a kan kofin shayi.

Ranar zuwa na tashi da wuri, na sa babbar rigata ta shadda mai aska takwas, na kafa hula, na ɗauki akwati. A bakin ƙofar gidan fallen Dai ya tarye ni, gajere kakkaura, hannunsa duk tabon ƙuna irin na Baba. Ya dube ni sama da ƙasa ya girgiza kai. Ya ce inji zai fizgi rigar ya haɗa da ni, dole in tuɓe. Aka ba ni wani shuɗin wando haɗe da riga na leburori, ya ɗage mini har ƙwauri. A haka zan je gaban maigida da saƙon Baba. Na ji kunya ƙwarai, amma na haɗiye.

Ban san yadda zan kwatanta muku cikin wurin ba. Rumfa ɗaya ce, tsawonta ya fi daga gidanmu zuwa bakin kasuwa. Ƙara kuwa sai ka sa baki a kunnen mutum. Curin ƙarfe yana fitowa daga wuta jajur, kaurinsa kamar katifa, ya shiga tsakanin wasu manyan naɗe-naɗen ƙarfe su matse shi, ya wuce na gaba su ƙara matsewa, yana sirancewa yana tsawo yana ƙara gudu, har ya fita can ƙarshe da saurin da ido ba ya bi, a naɗe shi kamar tabarma. Kafin a ɗauke wannan wani ya taho. Ba guduma, ba mai bugu. Mutanen suna tsaye a sama cikin ɗakunan gilashi suna taɓa 'yan sanduna. Dai ya ce dare da rana haka yake, ba Lahadi ba salla.

Na sa baki a kunnensa na gaya masa yawan fallen da maƙerar Baba ke ci a shekara. Ya sa na maimaita. Sai ya nuna mini naɗi ɗaya da aka ajiye gefe yana huci, ya yi ihu a kunnena, "Wannan kaɗai ba za ku cinye shi a shekara ba."

Can gaba na ga inda ake datse gefen fallen don ya daidaita. Abin da ake datsewa yana zuba a wani rami, tsibi guda, sabo fil, yana ƙyalli. Na sunkuya na ɗauki guda. Da wannan kaɗai Garba zai fitar da mazurari goma da marfin kurfoti. Na tambayi Dai ina ake kai shi. Ya ce wuta ake mayarwa a sake narkawa. Na tsaya riƙe da shi, na tuna Baba a tsugune yana kankare tsatsar tsohuwar garwa, idona ya cika. Dai ya karɓa a hankali ya jefa cikin ramin, don ko ƙusa ba a fita da ita.

Da aka tashi shan shayi muka zauna a wani ɗaki da tsofaffin ma'aikata. Dai ya ce in buɗe abin da nake ta runguma. Ya juya akwatin, ya bi haɗin gefen da babban yatsa tun daga sama har ƙasa, ya buɗe ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe yana sauraren yadda marfin ke zama. Ya miƙa wa na kusa da shi, ya zagaya hannu-hannu.

"Da hannu?" in ji Dai.

Na ce da hannu, da guduma, da ido.

Ya ce mahaifinsa ma da hannu ya yi aiki, a ƙananan gidajen ƙarfe na cikin kwari, inda mutum ke kama jan falle da awartaki ya tura ya karɓo. Tun da aka gina wannan babban, waɗancan suke rufewa ɗaya bayan ɗaya. Tsohon yana gida yanzu, yana kiwon tattabaru.

Na ce, "To yaushe zan ga maigidan?"

Suka dubi juna, wani ya tuntsire da dariya. Dai ya yi ƙoƙarin fahimtar da ni. Wai a da wurin na dubban mutane ne da ba su san juna ba, kowa da ɗan rabonsa a takarda. Sai gwamnati ta karɓa. Yanzu kuma ana gardamar a mayar musu. Na ce to wa ake gaisarwa? Ya ce akwai manaja, amma shi ma ɗan albashi ne kamar kowa.

Manajan ya ba ni minti goma. Dogon mutum ne mai furfura, idonsa ja don rashin barci. Na rusuna na soma gaisuwa yadda ta kamata, na tambayi lafiyarsa, da iyali, da gajiya, da jama'a. Ina kan ta huɗu ya saci kallon agogo. Na buɗe wasiƙar Baba na fassara masa, tun daga yabo da addu'a har zuwa buƙata. Ya saurara har ƙarshe, wannan kam na yaba masa.

Sai ya tashi ya kai ni gaban taswirar duniya da ke bango, an soka mata 'yan allurai. Ya ce kowace allura gida ne irin wannan. Ba su da yawa. Mafi yawansu sun taru a Amurka, 'yan kaɗan a ƙasarsu da maƙwabta. Na nemi wajenmu da ido, fili fetal, ko ɗaya babu. Ya ce duk duniya yunwar falle take yi: masu ƙera motoci, masu gwangwanin abinci, ƙasashen da yaƙi ya rushe suna sake gini, ga kuma wani sabon yaƙin can gabas mai nisa yana cin nasa. Abin da injinsa zai fitar bana da baɗi, tun kafin a narka shi an riga an raba. Ko da akwai saura, abin da Baba ke nema ya yi ƙanƙanta a rubuta masa takarda. Sai dai mu bi ta kantunan da muka saba.

Ina jin ya ga yadda fuskata ta koma, sai ya so ya lallashe ni. Ya ce in kwantar da hankali, ana gina sababbin gidaje a ƙasashe da dama, nan da 'yan shekaru falle zai wadata har a rasa mai saye. Na ji sanyi a raina, na ce alhamdu lillahi. Sai ya ƙara da fara'arsa, ya dafa akwatin Baba, ya ce a lokacin ma ba sai mun wahala da guduma ba. Inji zai riƙa buga akwati da bokiti dubu-dubu, a kawo mana su a shirye, da arahar da ba mai hannu da zai iya.

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Bai san abin da ya gaya mini ba.

Na tura masa akwatin na ce gaisuwa ce daga Baba. Ya ja da baya kamar na miƙa masa garwashi. Ya ce dokar aikinsu ta hana shi karɓar komai daga mai neman kaya, za a ce toshiyar baki ce. Na ce ba saye ba ne, gaisuwa ce, ko ya bayar ko bai bayar ba. Ya ce ya gane, ya gode, amma ba hali. Na so in gaya masa a garinmu ko maƙiyinka ba ka mayar masa da goro, amma Turancina ya ƙare, minti goma ma sun ƙare. Na fito da akwatin a hammata, cikin wandon leburori.

A bakin ƙofa na miƙa wa Dai shi, na ce ya kai wa mahaifinsa, daga maƙeri zuwa maƙeri. Ya goge hannunsa a wando kafin ya karɓa, da hannu biyu.

Sauran kwanakin ba ni da abin faɗa a kansu. An kai mu Landan mun ga gadoji da gidajen tarihi, an ɗauke mu hoto, an ba mu takardar shaida. A jirgin dawowa Malam Lawal ya daina tsokanata, abin da ya fi tsokanar ciwo. Wata rana muna tsaye muna kallon ruwa ya ce, "Malam Sule, in ni ne kai, sai in ce wa tsohon an karɓa, an ce a jira. Ka bar shi da sa rai."

Na ce, "Garba fa? Shi ma in bar 'ya'yansa da sa rai?"

Ya mayar da idonsa kan ruwa. Na yi ta juya maganar har Ikko, na juya ta har Kano, ban sami gefen da ba ya yanka ba.

Na iso gida bayan la'asar. Kafin in sha ruwa Baba ya kama hannuna ya ja ni ɗakin ajiya na bayan maƙera. An share shi tas, an yaɓe inda ya tsage, an jera itatuwa a ƙasa don kada falle ya taɓa danshi. Ya ce, "Ko ya yi kaɗan? In ya yi kaɗan akwai ɗakin Garba."

Muka koma zaure, 'yan'uwa suka cika shi, Garba yana bakin ƙofa.

Baba ya ce, "To, ka ga maigidan?"

"Baba, wurin ba shi da maigida."

"Ya rasu?"

"A'a. Babu shi ne kawai. Akwai wakili, shi na gani."

Wani daga cikin ƙannen ya ce, "Anya Yaya Sule ka yi gaisuwar yadda ta kamata kuwa?" Baba ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi.

"Akwatin fa?" in ji Baba.

Na ce, "Yana hannun wani tsohon maƙeri. Ɗansa ya bi haɗinka da yatsa bai sami inda ka soma ba."

Baba ya ɗan yi murmushi. Sannan na ba su labarin injin, da taswirar, da rabon da aka riga aka yi. Na ce ba falle bana, ba falle baɗi. Na tsaya nan. Aka soma zamewa daga zauren ɗaya-ɗaya, har ya rage ni da shi.

Ya ce, "Sule, tun kana yaro in ka rage magana kake sosa wuya. Ƙarasa."

Na ƙarasa. Na gaya masa abin da manajan ya ce zai zo bayan yunwar, akwati da bokiti a shirye. Ya daɗe yana kallon hannayensa.

Ya ce, "Wato in babu, mun mutu. In ya samu, mun mutu."

Na ce, "Haka na fahimta, Baba."

"To, madalla. Ka isar da aike. Je ka huta."

Washegari da rana ta ɗaga ya aiko a kira ni. Na same shi cikin rigarsa ta zuwa masallacin Juma'a, da rawani, Garba yana tsaye a gefensa ido jajur. A hannun Baba akwai masabarsa, gudumar ƙirarsa wadda ƙotarta ta lotsa daidai yatsunsa. Ya ce, "Zo ka yi mana tafinta. Na ɗaure yaron nan da alkawari, ni zan kwance shi da ƙafata."

Muka fita ta Ƙofar Nasarawa har loko, a ƙasa, ya ƙi a nemo masa keke. Baturen wurin ya fito, Baba ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ya ce, "Ga ɗana, na kawo maka amana. Duk Kano ba wanda ya fi shi hannu." Na fassara. Aka rubuta sunan Garba aka ba shi lamba. Da zai shiga, Baba ya miƙa masa masabar. Mai gadi ya tare, ya ce ba a shiga da kayan aiki na waje, akwai na gwamnati a ciki. Garba ya dubi Baba, Baba ya ce, "Shiga, kada ka makara ranar farko."

Muka juyo mu biyu. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana wuni da masabar nan a hannu, muna isowa bakin ganuwa ya tsaya ya miƙo mini ita.

Ya ce, "Riƙe mini, Sule. Ta yi mini nauyi."